Zinarin da Na Tsinto a Kufai

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da Kawu ya kai mu kallon kufai ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Mutanen Bukkuyum ne suka ƙi ba ni haɗin kai.

Kawu wan Innata ne, malami a wata kwaleji a Zariya, tarihi yake koyarwa. Bara da damina, muna gama jarrabawar aji uku, ya zo gida hutu da 'yarsa Bilki, taubashiyata, wadda tun muna ƙanana ba ta da aikin da ya wuce ta kira ni ɗan ƙauye. Kafin zuwansa an daɗe ana wata magana ƙasa-ƙasa a gidanmu, wai Kawu na tunanin tafiya da ni Zariya in ƙarasa sakandare a hannunsa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi sai ya zo ya ga hankalina tukuna.

Ni kuwa a raina na riga na tafi. Na yi sallama da abokaina har sau biyu. Na fara gyara bakina, na daina cewa "mi kaka yi", na koma "me kake yi", har Inna ta tambaye ni ko haƙori ke mini ciwo.

Ranar da za su iso ta ja ni bayan rumbu.

"Ka gani, ɗan nan, kwana huɗu kaɗai nika roƙonka. Ka natsu kwana huɗu. In kawunka yat tahi, ka koma haukanka, ba ni hana ka."

"Haba Inna, ai ni natsattse ne."

"Awo. Shi yas sa akuyar maƙwabta tak kwana bisa rumbu."

(Maganar akuyar nan daban ce, kuma mu uku ne muka ɗora ta, amma ni kaɗai aka gani.)

Kwana biyu na farko na yi abin a yaba. Ina gaida Kawu a durƙushe, ina riga kowa ɗauko masa buta, in yana sauraron rediyo in zauna gefe ina gyaɗa kai kamar da ni ake shawara a duniya. A rana ta biyu da yamma ya ce gobe zai kai mu Anka mu ga ganuwar gari, daga nan mu wuce wani tsohon kufai inda ragowar gidan sarautar mutanen da yake. Ya ɗauki shatar mota don mu kaɗai, kuma ya aika an nemo masa wani tsoho da ya san wurin ciki da bai, wanda zai zagaya da mu yini guda. Nan take na gane cewa wannan ita ce jarrabawar.

Da safe Inna ta fito mini da kaftanina na Sallah, dogo har ƙasan gwiwa, da wandonsa. Na karɓi wandon, na ƙi rigar. Ina zan shiga gaban Bilki da kaftani kamar mai zuwa ɗaurin aure? Na sa wata 'yar riga mai gajeren hannu wadda da ƙyar ta rufe mini cibiya, don a ganina haka 'yan birni ke yi. Inna ta dubi tazugen wandon ta ce ya ci, in tsaya ta zura mini sabo. Na ce ba lokaci, mota na jira. Sai na ɗauki sabon littafin rubutu da biro, saboda mai hankali ba ya zuwa wurin tarihi hannu sake.

Direbanmu Mamman Dogo ne, mai fijo. Duk wanda ya san tashar Bukkuyum ya san shi. In magana ta shiga kunnensa da hantsi, kafin azahar ta je Gummi ta dawo, ta ƙara ƙiba a hanya.

A Anka muka ɗauki tsohon, sunansa Baba Ɗanjumma. Ɗan gajere ne, siriri, da sanda wadda ta fi shi tsawo, da goro a kunci. Yana shiga mota ya dube ni sama da ƙasa, ya tsaya a kan rigata.

"Wanga jikan naku, tela na yar rage mai yadi?"

Bilki ta ƙyalƙyale. Ni ma na yi dariya irin ta natsattsu, ba haƙori.

Gaskiya zan faɗa, abin da na zata daban ne. A littafinmu na makaranta akwai hoton wani gidan sarki na ƙasar Turawa, na dutse, dogo har gajimare, da tuta a kansa. Shi na ɗauka za mu gani. Da Mamman Dogo ya tsaya, Baba ya nuna da sanda ya ce, "Ga ganuwa nan," sai na yi ta leƙen bayan wani tudun jar ƙasa ko tana can ɓoye. Ashe tudun ne ganuwar. Akuya biyu na tsaye a kanta suna kallonmu, da alama su ma sun gaji da tarihi.

"Ikon Allah!" na ce da ƙarfi, yadda Kawu zai ji. Na buɗe littafi na duƙufa.

Baba ya yi ta bayani: nan ƙofa take a da, nan gwalalo, wato ramin da aka haƙa ya kewaye ganuwar don dokin abokan gaba ya rasa wurin tsallakawa, nan maharba ke laɓewa. Kawu na ta tambaya, idonsa na ƙyalli kamar an ba shi tsire. Ni kuma ina ta rubutu. (Babur nake zanawa. Ya yi kyau ƙwarai, har da madubi.) Duk lokacin da Baba ya numfasa sai in ce, "Haka ne, Baba, mun karanta." Ba mu karanta komai ba.

Daga nan muka bar titi muka bi wata hanyar shanu, fijo na rawa cikin taɓo, har inda mota ta ƙi gaba, muka ƙarasa da ƙafa. Kufan na tsakiyar daji, kukoki manya-manya sun kewaye shi. Can tsakiya ga wasu bangaye masu kauri, sun zube rabi, ciyawa ta tsiro a kansu. Baba ya ce gidan sarkin garin ke nan. Ya nuna inda zaure yake, da inda matan sarki ke zama, da wasu ramuka jere da ya ce marina ce. Ya ce a zamaninsa garin nan in ka shiga ta ƙofar gabas da hantsi ba ka fita ta yamma sai rana ta take. Na duba gabas, na duba yamma. Ko dai garin ya shanye, ko mutanen da ba su da sauri.

Kafin mu shiga Kawu ya tsayar da mu ni da Bilki.

"Ku ji da kyau. Wurin nan da ido ake kallonsa. Ko katangar tukunya kuka gani, ku bar ta inda take. Ba a ɗaukar komai. Kun ji?"

"To, Kawu," na riga Bilki amsawa. Har na ƙara da cewa, "Ai ɗaukar kayan tarihi rashin wayewa ne." Ya dube ni ya gyaɗa kai. Na ji Zariya ta matso kusa har ina jin ƙanshinta.

Ba a yi rabin awa ba Shaiɗan ya same ni a bayan wata kuka. Ruwan sama ya zaizaye gefen wani tudu, ga wasu duwatsu baƙaƙe sun fito fili, masu ƙuraje-ƙuraje da 'yan ramuka, wani gefen na sheƙi kamar kwalba. Na ɗaga ɗaya. Nauyinsa ya ninka girmansa.

To, ku yi mini adalci. A wajenmu kowa ya san akwai zinari a ƙasar Anka. Yayan wani abokina ya taɓa zuwa haƙa, kuma ya gaya mana cewa ɗanyen zinari ba ya kama da na kunnen mata, cikin dutse yake ɓuya, dutse mai nauyi, sai mai ido ke gane shi. Ga dutse mai nauyi. Ga sheƙi. Ga shi a bayan gidan sarki. Ina sarki zai ɓoye dukiyarsa in ba bayan gida ba? Cikin ƙiftawar ido na haɗa lissafin da malaman tarihi suka kasa haɗawa shekara da shekaru. Na ga kaina ina shiga Zariya a kan babur na gaske, Bilki na bina da gudu tana roƙon in ɗauke ta.

Na jefa biyu a aljihun dama, biyu a na hagu, na koma cikin ayari. Amma zuciya ba ta barin mutum. Jim kaɗan na matsa kusa da Kawu na rage murya.

"Kawu, zan ɗan zagaya."

"Je ka."

Na je na ƙaro. Bayan ɗan lokaci na sake cewa zan zagaya. A karo na uku, daidai lokacin da Baba ya juya ya nufi wajen tudun nan yana cewa, "Nan kau unguwar wasu mutane ta, bari in hwaɗa muku sana'arsu," sai na tsorata kada ya gano taskata. Na ce cikina ne, na bi ta ɗaya gefen kukar, na kwashe abin da zan iya kafin su iso, na ɓuya cikin sabara har suka gama surutunsu suka wuce.

Aljihun wandon Sallah zurfi gare shi, tela bai yi rowa a nan ba. Da na fito kowane aljihu ya kai ƙaramar ƙwarya. Wandon na ja ƙasa, ni ina ja sama. Hannun hagu na riƙe da ƙugu, na dama na riƙe da littafi, ƙafafu a wawware don kada duwatsun su yi ƙara.

"Kai ɗan ƙauye," in ji Bilki, "me ya sa kake tafiya kamar agwagwa?"

"Ciki ne."

"Baba, wai cikinsa ne," ta faɗa wa mahaifinta da ƙarfi, don ita ba ta san asiri ba.

Mamman Dogo ya ce, "Tun ɗazu nika lura da shi. Sau ukku ke nan. Yaro, mi kac ci da sahe?"

Kawu ya tausaya mini, ya ce mu yi hoto ɗaya mu tafi gida. Ya ciro kyamararsa mai fim ya miƙa wa Mamman Dogo, ya ce mu hau kan guntun bangon gidan sarki mu jera. Bangon bai fi ƙirjina ba, amma da na hau shi sai da na ga taurari. Kawu a tsakiya, Baba a damansa, Bilki a hagunsa, ni a gefe. A daidai nan kuma wasu matan Fulani su huɗu, da ƙoren nono a ka, suka biyo hanyar da ta ratsa ƙarƙashin bangon, suka tsaya kallon masu hoto.

Mamman Dogo ya kanne ido ɗaya, ya sauke kyamarar.

"Kai yaro, saki wandon ga! Ka tsaya kamar ɗan makaranta. Ɗaga littahin bisa da hannu biyu, a ga kai mai ilimi na."

Kawu ya ce, "E, ɗaga shi."

Me zan ce? Na kumbura cikina iya kumburi don ya tare wandon, na saki ƙugu a hankali, na ɗaga littafi da hannu biyu. Ya tsaya. Wallahi ya tsaya. Har na fara murmushi.

"Kowa shi yi dariya!" in ji Mamman Dogo.

Na yi dariya. Ciki ya koma. Tazuge ya ce tas.

Ban taɓa sanin wando na iya sauri haka ba. Guga a rijiya ba ya kai shi. Kafin in sauke hannu ya isa idon sawu, ya bugi bangon da wata ƙara kamar an kifar da buhun ƙusa, duwatsu suka fara gangarawa ɗaya bayan ɗaya, har wani ya je ya tsaya a gaban ƙafar babbar cikin matan Fulanin. Kuma a cikin wannan daƙiƙa Mamman Dogo ya danna. Na ji ƙarar da kunnena.

Ga ni tsaye a kan gidan sarki, hannu biyu a sama, littafi a buɗe, riga iya cibiya, sai wani tsohon gajeren wando na wasan ƙwallo mai faci biyu, kowane da launinsa. (Da na sa kaftanin da Inna ta ba ni, da babu wanda zai ga ko gwiwata. Na yi wannan tunanin tun ina kan bangon.)

Matan Fulanin ba su yi dariya ba. Da sun yi da ya fi mini sauƙi. Kawar da kai suka yi gaba ɗaya, kowace ta sa gefen mayafi a baki, kafaɗunsu na rawa, ƙoren nono na rawa.

Baba Ɗanjumma ya sauko a hankali, ya tsinci dutse ɗaya, ya juya shi, ya ɗago kai.

"Jikana, mi za ka yi da kashin maƙera?"

Na ɗauka kunnena ne bai ji daidai ba.

"Na'am, Baba?"

"Kashin maƙera. Nan inda kak kwaso shi unguwar maƙera ta. In sun narka tama sun hidda ƙarhe, wanga shi na dattin da ka ragewa, su watsar bayan gida. Juji na. Shi nika hwaɗa ma kawunka sa'ad da kat tahi zagayawa." Ya dubi tulin da ke ƙafata, ya girgiza kai. "Kai, amma ka yi ƙoƙari. Shekarata saba'in ina kawo mutane wurin ga, ban taɓa ganin wanda yac cika wandonai da kashi haka ba."

Bilki ta zauna a kan bangon. Ba ta iya tsayuwa. Dariyar ma ta ƙi fita, sai wani kuka-kuka take kamar 'yar tsako. Mamman Dogo ya jingina da kuka yana dukan cinya.

Kawu kuwa bai yi dariya ba. Ya jira na jawo wandon, na damƙe shi da hannu biyu, sannan ya ce, "Me ka ɗauka ne?"

Na ce wani abu can cikin wuya.

"Ban ji ba."

"Zinari."

Bilki ta kwanta.

Littafina ya faɗi a gefen ƙafar Kawu. Ya duƙa ya ɗauka, ya buɗe shafin farko, ya daɗe yana kallon babur. Ya buɗe na biyu, babu komai. Ya rufe, ya miƙo mini, amma ba ni da hannun karɓa, sai ya sa a aljihunsa. Hausar Zariya ta gudu daga bakinsa, ta gida ta dawo.

"Kwashe su. Ɗaya-ɗaya. Ka maida kowane inda kag gane shi."

Baba ya ji tausayina, ya ɓare ɓawon kalgo ya murza mini igiya, na ɗaure ƙugu. Haka na yi ta safara tsakanin bango da juji, ina mayar wa maƙeran da kayansu, matan Fulani na tsaye, don sun fasa tafiya kasuwa sai sun ga ƙarshe. Da na gama, babbar ta miƙo mini wanda ya tsaya a ƙafarta, ta ce, "Ga saura, ɗan sarki."

A mota ba wanda ya yi mini magana, sai Bilki da ke cewa "zinari" a hankali duk lokacin da muka faɗa rami.

Mun iso gida da la'asar. Na yi zaton abin ya ƙare a daji. Na manta wanda ya tuƙa mu. Mamman Dogo na sauke mu ya wuce tasha, kuma a hanya ya ga labarin ya yi masa tsawo, sai ya rage kalma ɗaya. Kalma ɗaya tak. "Maƙera" ɗin ce ya yar. Abin da ya isa tasha shi ne: yaron gidan su Inna ya yi ta zagayawa sau uku, a na huɗu bai kai ba, ya cika wando da kashi a kan gidan sarki, har wandon ya faɗi don nauyi, kuma akwai hoto.

Washegari da hantsi maƙwabciyarmu Gwaggo Ige ta yi sallama da kwano a hannu.

"Ina mai jikin? Ga jiƙo nan, shi sha da ɗumi, shina tsaida gudawa."

Inna ta karɓa ta yi godiya. Ba ta gyara mata labarin ba. Ta miƙo mini kwanon ta ce, "Sha. Ko ba ta ciki ba, akwai wadda ka damunka bisa kai."

Ranar da Kawu zai koma na ɗauko masa jaka na kai mota, ina fatan ko zai ce in shiga in haɗo tawa. Ya kira ni gefe.

"Ba don wandon ba ne," ya ce. "Wandon kowa na iya faɗuwa. Na ce kada a ɗauki komai, ka riga kowa cewa to, ka je ka ɗauka. Kuma tsoho na tsaye yana faɗin abin da kake buƙatar sani, kai kana cikin sabara. Ka ƙara shekara a nan. In na zo baɗi mu sake magana."

Bilki ta leƙo ta taga ta ce in an wanke hoton za ta aiko mini da guda, sauran kuma na 'yan ajinsu ne.

To, ga ni nan a Bukkuyum, cikin mutanen da na yi wa sallama sau biyu. Wata uku na yi ina bin mutane ina gyara labari. Duk wanda ya tsokane ni sai in ce, "Na maƙera ne fa! Na maƙera!" Sai su ce ai dama sun yi mamaki, nauyin ya yi wa mutum ɗaya yawa.

Yanzu na daina gyarawa. Abin da na koya shi ne, in tsoho ya buɗe baki zai faɗi sunan abu, ka tsaya ka ji kafin ka zuba shi a aljihu. In kuwa ka ƙi, to ka roƙi Allah abin da zai kunyata ka ya zama mai suna guda. In sunansa kalma biyu ne, ta farkon kaɗai ke isa tasha.